Gidan Sauron da Ya Zama Rariya

Ranar da aka yi kwana goma ba a ga ruwa ba, Birkila ya shiga ɗakin yara ya kwance gidan sauron da ke kan katifar 'yarsa Auta. Magini ne, aikin shafen bango ya samu, rariyar da yake tankaɗe yashi ta yage, ga kuma raga mai ƙananan idanu tana rataye a banza, in ji shi.

Maiɗakinsa ta biyo shi tsakar gida tana roƙo. Ta tuna masa abin da malamar asibiti ta gaya musu: zazzaɓin cizon sauro ya fi kamu a ƙarshen damina, lokacin da ruwa ya daina gudu ya kwanta a ramuka.

"Ke da malamarki dai," ya ce. "Damina ta naɗe tabarmarta, sauro ya bi ta. Ko gadon gidan nan ya ci da zai zauna?"

Ya sa almakashi ya raba ragar biyu, ya buga ta jikin katako da ƙusa.

Bayan ɗakin kuwa, ramin da ya haƙa yana ɗibar ƙasar bulo yana nan cike taf. Ruwan ya yi kore shar, yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, gwangwanaye da mataccen ɓera suna yawo a kai, 'ya'yan sauro na wutsil-wutsil a ciki. Kullum nan yake tsugunawa ya wanke cokalin gininsa, ya toshe hanci, ya tofar da yawu, ya wuce. Aikin yini ɗaya ya isa a cike ramin. Mai gini guda, ƙasa ta gagare shi!

Bayan sati biyu jikin Auta ya yi zafi. Birkila ya ce canjin yanayi ne, a ba ta maganin ciwon kai. Kwana uku tana amai. A na huɗu ta sanƙare a bayan uwarta, idanunta suka juye.

A asibiti yara ne kwance bibbiyu a gado ɗaya, duk ciwo guda. Malamar ta duba jinin Auta, ta ga zazzaɓin cizon sauro ne, sannan ta ɗago.

"Baban yarinya, tana kwana cikin gidan sauro?"

Maiɗakinsa ta dube shi. Shi kuma ya ƙura wa hannunsa ido, har lokacin akwai yashi a ƙarƙashin faratansa.

Auta ta rayu, amma ciwon ya taɓa ƙwaƙwalwarta, ya tafi da jinta, ta kurumce. Washegarin sallamarsu Birkila ya cike ramin kafin rana ta yi tsaka.

Yanzu in ya dawo daga aiki yakan tsaya a bakin ƙofa ya kira sunanta, kamar yadda ya saba. Tana zaune ta ba shi baya, tana wasa da ƙasa. Ba ta juyowa.

Jama'a, ɗaukewar ruwa ba tafiyar sauro ba ce, lokacin ne ma yake cin kasuwarsa. Ku bar gidan sauro a kan shimfiɗar yara, ku cike ramuka, in jiki ya yi zafi ku kai asibiti a ranar.