Ranar da Aka Fasa Gogen Barira

Malam Tanimu ya zauna a layin gaba na ɗakin majigi a Zariya, yana ta murza hularsa. A kan dandamali, 'yarsa Barira ta jingina celo a ƙirjinta, babban gogen nan mai tsayawa da ƙafa ɗaya. An ɗaura mata zaren waya a goshi, an haɗa shi da allon majigin.

Yanzu ba a ɗaukar fim da kyamara. Makaɗi yana kiɗa, allo yana zuƙo hoto daga cikin tunaninsa. Abin da allo ya nuna kuwa, mai shi ya manta da shi har abada.

Tun a gida ya roƙe ta. "Uwata, ki ba su komai, ban da fuskar marigayiya mahaifiyarki."

"Baba, ka fiye tsoro. Na riga na zaɓa."

Ta ja baka a kan tsirkiya, sautin ya fito kamar nishin bijimi. Allo ya nuna tsakar gidansu a karkace, kaji suna tafiya da baya. Sai ga Tanimu da kansa, da sauran baƙin gemu, yana fasa ƙaramin gogenta na ƙoƙo da taɓarya.

"Kai, wannan uba mugu ne!" in ji na kusa da shi.

"Ƙwarai kuwa," Tanimu ya ce.

Da aka tashi ya karɓi celon ya ɗaukar mata.

"Uwata, kin yafe mini?"

Ta yi dariya, ta gyara masa hula. "Me ka yi mini, Baba?"