Mai Haddar Hukumar Ruwa

Tunda doka ta tilasta nuna wa kowa takardun gwamnati, ofisoshi suka daina rubutu, suka ɗauki masu hadda aiki.

Inna Tambai ta je hukumar ruwa neman sakamakon gwajin rijiyar unguwarsu, wadda ta kwantar mata da jikoki biyu a asibiti.

"Ga kabad a buɗe, Inna," in ji jami'in da ta tarar. Ko fallen takarda babu.

A lungu wani dattijo, mai haddar hukumar, yana ta motsa leɓe. Ta tsinci sunan unguwarsu a bakinsa.

"Malam, ɗaga murya mana! Yara ne kwance!"

"Takarda doka ta ce a nuna," in ji jami'in.

Dattijon ya dube ta, idanunsa suka ciko, ya ci gaba da bita a ransa.