Idon Mahfuz Tela

Mahfuz ya faɗo gida a guje, yana kaɗa takardar gwajin jini.

"Khadijatu, ajiye akwatin nan, ba inda za ki! Ba ido nake kashe wa matan unguwar Wunti ba! Likita ya gani a jinina. Garkuwar jikina ce ke tare saƙon jijiya, shi ya sa fatar idona ke saukowa. Kuma akwai magani!"

Matarsa ta dire akwatin da ta haɗa za ta yi yaji, ta rangaɗa guɗa. Can ta tsaya cak.

"Maigida, yaushe ciwon ya fara?"

"Shekara uku."

"To, idon da ka kashe min bara waccan, ranar da na kawo ɗinki, har na aure ka fa?"

Mahfuz ya ninke takardar a hankali.

"Wannan ba a gwada shi ba."