Wadda Aka Bari a Tsibiri

Wata la'asar, a rumfarmu ta unguwar Jarwal a ƙasa mai tsarki, Baba ya ba mu labarin da ya ji a bakin wani Bagirke da ya yi wa dako a tashar jiragen ruwa ta Sawakin. Wai jarumi ya kashe dodo da taimakon 'yar sarki, ya gudu da ita, ya bar ta tana barci a tsibiri, ya koma gida ya sha sarauta.

"Ƙurunƙus," in ji Baba.

Inna ta daina tankaɗe. "Malam, ita fa? Da ta farka?"

"Bai faɗa ba."

A Sawakin ɗin ayarinmu na zuwa hajji ya bar ƙanwar Inna kwance da zazzaɓi, don kada jirgi ya tashi ba mu. Na tsufa ban san wanda ya ba ta ruwa ba.