Kwamfutar Tsohon Tafinta

Ɗanliti, na ji an ce za ka kwashe kwamfutocin ofishinku ka zubar saboda sabuwar manhaja ta fito. Kafin ka kira masu ɗauka, zauna ka ji wannan.

A Funtuwa an yi wani dattijo tafinta, aikinsa mayar da takardun kiwon lafiya da na noma zuwa Hausa. Da girma ya kama shi, ciwon suga ya tafi da idanunsa. Mutane suka ɗauka aiki ya ƙare, amma ina. Akwai wata manhaja a kwamfutarsa mai karanta rubutu da murya: in ya danna harafi ta faɗa masa, in an aiko takarda ta karanta masa tun daga sama har ƙasa. Kwamfutar tsohuwa ce, irin mai nauyin nan ta ɗorawa a cinya, murfinta ya tsage an liƙe da salatif, haruffan madannanta duk sun goge. Shi ko a jikinsa, domin yatsunsa sun san gidan kowane harafi kamar yadda ƙafarsa ta san hanyar masallaci. Ana nan sai masu aiko masa da aiki suka sanar cewa sun koma sabuwar babbar manhaja, wato wadda ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗayanta, kuma duk wanda bai hau ta ba, shafinsu ba zai ƙara buɗe masa ba. 'Yarsa, wata malamar asibiti, ta gwada ɗora masa, kwamfutar ta ce ba za ta iya ɗauka ba. Aka ce mata ram ne ya yi kaɗan, ɗan sillen nan da kwamfuta ke riƙe aikin da take cikin yi da shi. Ta tafi kanti ta sayo sabo fil, wanda ake yayi. Da aka zo sawa ya ƙi shiga, domin tsagar da ke bakinsa ba ta zo daidai da ta gurbin ba. Mai kanti ya ce irin na wannan kwamfuta an daina kawowa, gara a sayi sabuwa a huta. Ta kama hannun mahaifinta ta kai shi ya zaɓa. Ya ɗora yatsunsa a kan wata sabuwa siririya, ya laluba dama ya laluba hagu, madannan sun matse, kowanne ya canza gida. Ya janye hannunsa a hankali ya ce su koma gida. Daga ranar ya koma zaman zaure da rediyo a kunne, abinci sai an matsa masa. Ba komai ke cinsa ba illa tunanin cewa daga yanzu ko saƙon gaisuwa sai ya jira wani ya karanta masa.

Wata abokiyar aikin 'yar ce ta yi musu kwatancen wata mai gyara a bayan tashar mota. Matar ba ta yi musu alkawarin komai ba. Ta kwance kwamfutar, ta share ta, ta karanta abin da ke rubuce a jikin allon cikinta, ta ce ƙwaƙwalwar da ƙarfinta, za ta ɗauki sabuwar manhaja. Abin da ya rage a ƙara mata ram irin na zamaninta, a kuma cire faifan ajiyarta da ya gaji a sa mai sauri. Sai ta jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur, cike da matattun kwamfutoci da masu su suka yi watsi da su. Ta ciro ram daga wata, bai yi ba. Ta ciro daga wata, ya shiga amma a mace yake. Can ƙasan kwalin ta samo wata irin ta dattijon sak, gilashinta a farfashe, ta zare nata ta dosa a gurbin. Ya ce ƙas, ya zauna daram. Ta kwashe ayyukansa kaf zuwa sabon faifai, ta fara ɗora manhajar. Abin ya ɗauki lokaci. Dattijo na zaune a benci, haɓarsa bisa sandarsa, su suna kallon allo, shi kuwa ba abin da yake da shi sai kunne, kuma kunnen bai ji komai ba. Har ya fara neman takalmansa da ƙafa, sai muryar nan da ya sani ta yi magana. Ya miƙa hannu, aka ɗora masa kwamfutar a cinya. Yatsunsa suka sauka kowanne a gidansa, ya rubuta bisimilla, muryar ta karanta masa daidai. Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, sannan ya fashe da dariya, hawaye na bin gemunsa.

"'Yata," in ji shi ga mai gyaran, "kin mayar mini da idanuna."

Ta ce, "Baba, ba ni ba ce. Wata 'yar'uwarta ce ta mutu ta bar mata gado."

Ran nan ya cinye tuwonsa tas har ya nemi ƙari, washegari kuma da hantsi maƙwabta suka ji muryar na tashi daga zaure, ya koma bakin aiki. Abin da aka rasa a kantin sabon kaya, a kwalin da ba wanda ke waiwaya aka same shi. Gaskiyar Bahaushe da ya ce da tsohuwar zuma ake magani.