Garin Kwalba a Cikin Kankare

Kawu ya tsoma yatsa cikin buhun, ya murza garin, ya goge hannu a jikin tebur kamar wanda ya taɓa kashin kaji.

Shi ne shugaban kwamitin ginin asibitin unguwa, kuma a zaman yau za a yanke ko 'yar ƙanwarsa injiniya za ta ci gaba da aikin, ko a sallame ta. Laifinta guda ne. Ta rage siminti kaɗan, ta cike gurbinsa da kwalaben da aka niƙe suka koma gari. Ginshiƙin gwajin da ta zuba da rodi a ciki an danne shi da injin awo, ya ɗauki nauyin da ake so har da ƙari. Kawu bai ga abin burgewa a nan ba.

Ya jefa kanumfari a baki kamar kullum, ya gyara babbar riga. Ya ce boko ya gama da yaran yanzu, yau kwalba, gobe sai a yi mana rufi da ƙayar kifi. 'Yan kwamiti suka yi dariyar da suka saba yi masa ko abin bai ba su dariya ba. Dama kwanan nan a wuya yake, tun da makullin ɗakin ajiyarsa na bayan gida ya ɓata, ɗakin da ko matarsa Inna ba ta shiga da tsintsiya.

Can ƙasan buhun ya lalubo wani ɓantaren kwalba da bai niƙu ba, ruwan ƙasa, da guntun takarda manne a jikinsa. Kallo ɗaya ya yi masa ya gane, tun kafin sauran su gama saka tabarau. Ya ɗaga shi sama, ya ce kwalbar giya ce. Da najasar 'yan maye za a rufe kan marasa lafiya?

Injiniya ta sunkuyar da kai ta ce an wanke su tas, kuma gilashi gilashi ne. Ya ce ba wanki ya tambaya ba. A wace mashaya ta kwaso su? Wane la'ananne ne ya shanye buhu-buhu haka? Ko dai ta faɗi sunansa a gaban jama'a, ko ta ajiye aikin yanzu.

"Kawu, don Allah a bar maganar nan sai mun je gida."

Ya buga tebur ya ce a nan za a yi ta.

Ta buɗe jaka a hankali, ta ajiye wani ɗan makulli kusa da kanumfarinsa.

"Inna ce ta ce in kwashe mata su, kaji take so ta zuba a ɗakin ajiyar naka. Ta ce in maido maka da wannan."