Ai Idi

Tun daga tashar Bakura Ikilima ke faɗa da kalma ɗaya. Ta rubuta ta a tafin hannu da jan biro: I'd. Rukayya, ƙawarta ta Maradun, wadda ta yi tata ganawar jiya ta fito da hawaye, ta ce nan Mai Tabarau, mai yi wa masu neman aikin tambayoyi, ke kama mutane. Gurbin malamar Turanci ɗaya ne a makarantar 'yan matan da ke Mafara, yau ake rufewa, ƙarfe goma. Sau biyu Ikilima na neman aikin koyarwa ana sallamarta da "za mu kira ki".

Matsalar harshenta ce. Ya saba kowace kalma ta ƙare da wasali, don haka duk sanda ta ce "aid", sai wata 'yar "i" ta biyo baya kamar jela.

"Aidi laik... Aid. Aid! Aidi laik..."

Ranar Talata ce, motar ta cika da 'yan kasuwa. An matse ta tsakanin buhun albasa da wani tsoho mai ƙunshin zogale a cinya, yana ta ƙanƙance ido, ga wasu 'yan ramuka biyu a karan hancinsa.

"Ɗiyata," in ji tsohon, "wanga Idi da kike ta kira, mi yai miki?"

"Ba mutum ba ne, Baba. Turanci ne."

"To na ji kina ta ai Idi, ai Idi."

Motar ta ɗauki dariya. Ikilima ta juya masa ƙeya.

Tara saura, taya ta yi faci. Direba ya ce minti biyar, ya tare mai babur ya tafi neman jak. Fasinjoji suka zube ƙarƙashin wata bishiyar bedi, tsohon kuma bai ga wurin zama ba sai kusa da ita. Ya duba agogon hannunsa, ya ce shi dai har yanzu bai gane laifin Idi ba.

Don ya ƙyale ta, ta yi masa bayani da ƙarfi, yadda ake yi wa mai nauyin kunne. Bature in yana son abu, kunya yake ji ya ce "I want", sai ya lanƙwasa ya ce "I would like". Shi ma ɗin ya yi masa tsawo, sai ya haɗiye "would" ya bar jelarta: "I'd like". Ta ce kai ma ɗazu ba "ya yi" ka ce ba, "yai" ka ce, wa ya kama ka? In ra'ayi zai faɗa yana tsoron gardama, "I'd say", wato ni dai a ganina. In zaɓi ne, "I'd rather", gara in yi kaza.

Wata mai daddawa ta maimaita "aidi rada", ta ce ashe abin ba wuya.

Tsohon ya sosa gemu. Ya ce ya taɓa ji wai jelar nan wani lokaci ta "had" ce, ba ta "would" ba. In jela guda ce, ya ake gane dabbar?

Ikilima ta yi tsaki a ciki. Tara da rabi ta gota, direba ko ƙurarsa. Ta ce a dubi kalmar da ta biyo baya: in aikin bai faru ba, "would" ce, in ya riga ya wuce ana cizon yatsa, "had" ce. Ta zuba masa ido ta ba da misali.

"I wish I'd taken another car. Wato da ma wata motar na shiga, Baba."

"Allah sarki," in ji shi. "Kin ga yanzu Idi bai biyo ki ba."

Gaskiya ne, jelar "i" ɗin ta faɗi, amma haushi bai bar ta ta lura ba. Mai daddawa ta ji ganawar neman aiki za ta, ta tambaye ta wa zai yi mata tambayoyin, nan fa Ikilima ta samu inda za ta huce. Ba ta taɓa ganin Mai Tabarau ba, sai dai Rukayya ta kwatanta shi tsaf. Ta naɗe takardarta ta yi tabarau da yatsu, ta toshe hanci, ta ɗaga haɓa.

"I'd say, yang ledi, Turancinki na kasuwar Damri ne. I'd rather in ɗauki akuya!"

Har tafiyarsa ta ƙirƙiro, hannu a baya, ciki a gaba. Mutane suka riƙe ciki. Tsohon ya fi kowa dariya, har da share hawaye, ya roƙi ta sake yin na akuyar.

Goma da kwata suka shiga Mafara. Ta dire kafin motar ta tsaya, ta hau babur ba ko sallama. A ƙofar ofishin ta tarar da mata huɗu a kan benci, ba a kira ko ɗaya ba. Ta zauna tana haki, jan biron ya narke da gumi a tafinta.

Ita aka fara kira, ita da ta zo ƙarshe.

Ta shiga da sallama, kai a ƙasa, tana maimaita "aid, aid" a zuci. Abin da ta fara gani a kan teburin ƙunshin zogale ne, kusa da wani ɗan allo mai ɗauke da suna: Dakta Idrisu Tukur. Mai teburin ya zaro tabarau daga aljihu, ya ɗora su daidai kan ramukan nan biyu, ya toshe hanci.

"I'd say ki zauna ki huta, ɗiyata. Ai Idi ya gama tambayoyinsa tun ƙarƙashin bedi."